A-kori-kura, Kanta da Tirela: Me Sunan Mota Ke Faɗa Game da Lodinta?

Ranar Juma'a a karar Wudil, kafin dillali ya ce an sallama, mai sayen shanu ya riga ya fara lissafin motar da zai loda. Ba ya tambayar tan nawa take ɗauka. Da suna yake nemanta: a-kori-kura ce, Kanta ce, ko tirela?

A cikin ukun, a-kori-kura ne sunan da Bahaushe ya ƙera da kansa. Kurar da ake kora ba ta daji ba ce, ba kuma ƙurar hanya ba. Kurar 'yan dako ce, wadda ake turawa da ƙarfin ƙirji. Ginin sunan irin na a-ci-balbal ne da a-daidaita-sahu, inda jimla sukutum take zama suna. Abin da yake cewa shi ne ga mai buɗaɗɗen baya ta zo, kura ta ba da wuri. Kurar dai ba ta koru ba, tana nan tana dakon ruwa da buhuna. Bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kura ƙirar 404, daga baya 504, ta cika hanyoyin Arewa, kafin Hilux ta karɓi fagen.

Sunan ya faɗi aikin motar, amma bai faɗi iyakarta ba. Iyakar tana jikin wani ɗan allo da kamfani ke maƙalawa, galibi a bakin ƙofa: nauyin da mota da duk abin da ke kanta ba za su wuce ba. A cire nauyin motar ita kaɗai, abin da ya rage shi ne lodi. A Hilux wannan bai fi kimanin tan 1 ba. Buhun masara 10 ke nan masu kilo 100, kuma direba, da yaron mota, da mai kayan da ya ɗare saman buhuna duk a cikin lissafin suke. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ta gadar Wudil ya san ba a buhu 10 ake tsayawa ba. Maganin da direbobi suka samo shi ne ƙara sifirin a baya don kada mota ta zauna. Ta daina zama, gaskiya ne, sai dai birki da taya da kulochi suna nan yadda kamfani ya yi su. A ganina nan ne kalmar obalodi take yaudararmu, don a tasha ba a kiranta sai an ga gindin mota na neman ƙasa.

Amurkawa ma sunayensu ba su fi namu gaskiya ba. Har yau suna kiran Ford F-150 mai rabin tan, F-250 mai kashi uku cikin huɗu na tan, F-350 kuma mai tan ɗaya. Tsofaffin sunaye ne da motocin suka bari a baya, domin wasu F-350 na yanzu suna ɗaukar fiye da tan 3. Kuma su sun raba ɗauka da ja. Mota tana jan abin da ya ninka wanda take ɗauka, saboda tayoyin abin da ake ja ne ke riƙe da yawancin nauyin. Sabuwar Hilux tana iya jan har kilo 3,500, amma kimanin kashi 10 cikin 100 na wannan nauyi yana danne ƙugiyar baya, dole a cire shi daga lodi.

Mu a nan ja bai zama sana'ar a-kori-kura ba. In an ce ja, janwe ake tunawa, ko igiya da motar da ta mace a hanya. Kanta sunan Canter ne na Mitsubishi da ya bazu kan 'yan uwanta matsakaita. Tirela kuwa a asali sunan abin da ake ja ne kawai, mu muka yafa shi a kan motar gaba ɗaya, sannan muka dawo muka raba ta kai da bodi. Ita ce ma sunanta ya fi kusa da zama ma'auni, don in ɗan kasuwa ya ce tirelar siminti ko ta taki, buhu 600 masu kilo 50 yake nufi, tan 30. A kara wannan lissafi ba ya aiki. Masu lodin shanun da za a kai Kudu faɗin bodi suke dubawa, da girman dabba, da yadda za a ɗaure ƙahoni kada wani ya soki wani.