Zaɓen Dalilai a Lissafin Tarihi: Misalin Durƙushewar Masaƙun Kakuri

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata matsala da ke fuskantar duk mai son ya yi bayanin aukuwar wani abu na tarihi ta hanyar lissafin da masana ƙididdiga ke kira rigireshan, watau auna ƙarfin dalilai da yawa a kan sakamako guda. Matsalar kuwa ita ce: waɗanne dalilai za a shigar, waɗanne za a bari? Za mu ɗauki masaƙun Kakuri da Makera, a kudancin Kogin Kaduna, su zama abin misali.

2.0 Asalin Dabarar

A shekarar 1899 wani masani ɗan Birtaniya, Udny Yule, ya yi amfani da wannan lissafi don ya gano abin da ke sa yawan matalautan da hukuma ke ɗaukar nauyinsu a Ingila ya hau ko ya sauka. Dalilai uku ya zaɓa: yadda ake ba da taimako, ko a gida ko a gidan gajiyayyu, da yawan tsofaffi, da yawan jama'a. Ya shigar da biyun ƙarshe ne don kada nauyinsu ya faɗa kan na farko. Shi wannan Yule, a 1926, ya nuna cewa rabon aurarrakin da aka ɗaura a Cocin Ingila da yawan mace-mace sun yi ta sauka tare daga 1866 zuwa 1911, alhali babu abin da ya haɗa su sai tafiyar zamani. Ke nan tun farko masu dabarar sun san lissafi ba ya zaɓa wa mutum dalili.

3.0 Tashi da Faɗuwar Masaƙun

Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Lankashiya. Nortex ta biyo baya a 1962, sa'an nan UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong a 1964, da Arewa Textiles mai jarin Japan a 1965. Dubban ma'aikata daga sassa daban-daban na ƙasar nan suka cika unguwannin kudancin kogi, har aka riƙa kamanta Kaduna da Mancesta. Amma KTL ta rufe a 2002, UNTL kuwa ta dakatar da aiki a 2007.

Dalilan da aka saba kawowa suna da yawa. Akwai karyewar darajar naira a 1986 cikin shirin SAP, wadda ta tsawwala kuɗin kayan gyara da rini. A wannan shekara aka rushe Hukumar Auduga. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi wanda aka kafa tun shekarun 1970. Akwai rashin tsayayyar wutar NEPA, da ƙarancin baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi, da fasa-ƙwaurin atamfar ƙasar Sin ta Kwatano da Maraɗi, da tsufan injuna, da rikicin Kaduna na 2000 da na 2002.

4.0 Tarkuna Huɗu

Na farko, ƙarancin shekaru. Daga 1957 zuwa 2007 shekara hamsin ne kacal. In aka ɗora dalilai goma sha biyar a kan alkaluma hamsin, lissafin zai dace da abin da ya wuce kamar an ɗinka masa, amma ba zai iya hasashen kome ba.

Na biyu, dalilan da suka zo tare. Tun da faɗuwar naira da rushe Hukumar Auduga shekara guda suka auku, alkaluman shekara-shekara ba su iya raba nauyin wannan da na wancan. Dabarar nan ta barin na'ura ta shigar ko ta fitar da dalilai ɗaya bayan ɗaya, wadda Efroymson ya tsara a 1960, za ta ɗauki guda ta yar da ɗayan, mai karatu kuwa ya zaci wanda aka yar ba shi da tasiri.

Na uku, dalilin da ba ya aunuwa. Kayan fasa-ƙwauri ba su shiga littafin kwastan. Wanda ya bar su don ba shi da alkalumansu bai kawar da tasirinsu ba; nauyinsu zai koma kan duk wani dalili da ya tashi tare da su a lokacin, alal misali ƙarancin wuta, har a ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa.

Na huɗu, dalilin da ke tsakiya. Rashin wuta yana kashe masaƙa ne ta hanyar tsadar sarrafa kowane yadi. In aka shigar da wutar da tsadar gaba ɗaya, sai tsadar ta haɗiye tasirin wutar, a wayi gari lissafi ya wanke ta.

5.0 Abin da Tarihi ke Bayarwa

Mafita ita ce a faɗaɗa abin da ake kwatantawa. Rikicin 2002 ya zo a shekarar da KTL ta rufe, don haka na'ura za ta riƙe shi. Amma masaƙu da yawa a Kano da Ikko sun rufe a tsakanin waɗannan shekaru, ba tare da rikicin Kaduna ya taɓa su ba. Ke nan ba shi ne tushen cutar ba, ko da ya ƙara mata zafi. Har wa yau, KTL da UNTL wuta ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke kai kaya, amma ta jihohin Arewa ta riga ta 'yan kasuwa faɗuwa da shekara biyar. Wannan bambanci na mallaka da sabunta injuna ba ya fitowa sai an jera alkaluma masaƙa-masaƙa, ba shekara-shekara kaɗai ba. Aikin Andrae da Beckman na 1998, wanda ya bi masaƙu ɗaya ɗaya, ya nuna amfanin yin haka.

6.0 Kammalawa

Zancen ba na aji kaɗai ba ne, domin magani yana bin sunan da aka ba cuta. Asusun naira biliyan 100 na farfaɗo da auduga da masaƙu, wanda aka danƙa wa Bankin Masana'antu, ya ɗauka cewa jari ne babban abin da ya ɓace. Rance kuwa ba ya tsare iyaka, ba ya kawo wuta. Saboda haka muna ba da shawara mai bincike ya fara zana yadda kowane dalili ke kaiwa ga sakamako, bisa shaidar takardun kamfanoni da na ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, kafin ya taɓa kwamfuta; ya kuma bayyana wa masu karatu dalilan da ya bari da hujjar barinsu.