Takalmin birkin adaidaita: abin da ake dubawa kafin a saya a yankin Konni

Takalmin birki shi ne ɓangaren da ke gugar ƙarfen ƙafar abin hawa domin ya rage gudu ko ya tsaya. An yi shi ne don ya cinye, shi ya sa yake cikin kayan da masu babur mai ƙafa uku suka fi yawan saye. A gundumomin Birnin Konni, Malbaza da Illéla na jihar Tahoua, wannan babur ya zama abin hawan yau da kullum: akwai na fasinja da ake kira adaidaita, akwai kuma na dako mai akwati a baya, wanda ke kwasar hatsi daga ƙauyukan Bazaga, albasa daga wajajen Galmi da Tsernaoua, ko buhunan siminti na Malbaza. Dukansu suna aiki cikin rairayi da ƙura, kuma sau da yawa da lodin da ya fi wanda masana'anta ta ƙayyade. Irin wannan aiki ne ke sa zaɓen takalmin ya zama maganar rai ba ta kuɗi kaɗai ba.

Tambur ko faifai

Birkin waɗannan babura iri biyu ne. Na farko shi ne na tambur, wato wani kwanon ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai takalma biyu masu siffar jinjirin wata, idan aka taka birki sai su buɗe su matse kwanon daga ciki. Na biyu shi ne na faifai, inda ƙananan fale-falen ƙarfe biyu masu ɗauke da abin guga, waɗanda makanikai ke kira plaket, ke cafke faifan daga gefe da gefe.

Adaidaitar fasinja da suka fi yawa a yankin, Bajaj RE da TVS King, ƙirar Indiya ce, kuma an saba yin su da birkin tambur a ƙafafun uku, mai aiki da man birki. Baburan dako ƙirar Sin kuwa ba su da tsari guda: bayansu galibi tambur ne, wasu da mai, wasu da sandar ƙarfe, gabansu kuma wani tambur ne, wani faifai. Saboda haka wanda ya shiga shago ya ce a ba shi "birkin mai ƙafa uku" bai faɗi komai ba tukuna. Wasu tsofaffin makanikai suna kiran abin gugar da sunan ferodo. Asalinsa sunan kamfani ne da Herbert Frood ya kafa a Ingila a 1897, daga baya ya zama sunan kayan a bakin jama'a.

Awo ya fi suna

Mafi yawan kayan gyaran adaidaita da ake sayarwa a Konni suna shigowa ne daga Najeriya, ta Illela ta jihar Sakkwato da ke daf da iyaka (kada a haɗa ta da Illéla ta Nijar da ke arewa da Konni). Duk lokacin da iyakar ta rufe, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, kaya kan yi wuya, farashi ya hau, a koma ɗaura duk abin da ya shiga ramin. A nan kuskure ya fi yawa, domin takalma biyu na iya kama da juna a ido amma su bambanta da ƴan milimitoci.

Hanya mafi tabbas ita ce a cire tsohon a tafi da shi shago, a ɗora sabon a kansa. Abin da ake dubawa a na tambur shi ne lanƙwasar takalmin, faɗinsa, da ramukan da ake maƙala waya mai tsalle da ke maido da shi bayan an saki birki. Lanƙwasar ce ta fi muhimmanci. Idan ba ta dace da cikin kwanon ba, tsakiyar takalmin kaɗai ko bakinsa ne zai riƙa taɓa ƙarfen, sai ɗan wurin ya ɗauki dukan zafin, ya ƙone ya yi santsi kamar gilashi. Direba zai ga takalmi sabo fil amma keken ba ya tsayawa. Wasu masu gyara kan goge bakin takalmin da zarto don ya shiga. Gyara ɗan kaifin baki ba laifi ba ne, amma takalmin da sai an sassaƙe shi kafin ya zauna ba na wannan keken ba ne.

Ko a kamfani ɗaya, ƙirar wata shekara kan bambanta da ta wata, na fasinja kuma ya bambanta da na dako. Lambar kaya da ke cikin littafin keken, ko lambar shasi, ita ce ke raba gardama idan mai shago yana da kundin lambobi.

Abin da aka yi shi da shi

Abin gugar ba abu ɗaya ba ne, haɗi ne. Akwai mai laushi, wanda aka haɗa da zaruruwa da ƙaro na masana'anta: yana kamawa tun yana sanyi, ba ya ƙara, ba ya cin ƙarfe, amma yana saurin ƙarewa kuma yana sakin jiki idan ya yi zafi sosai. Akwai mai garin ƙarfe a ciki, wanda ya fi jure zafi da lodi amma ya fi cin kwano ko faifai. Akwai kuma na garin ƙarfe da tagulla da aka gasa a wuta har ya dunƙule, wanda a plaket ake samunsa. Yana aiki da kyau cikin ruwa da laka, sai dai ya fi tsada.

Mai adaidaitar da ke jigilar mutane cikin gari, a kan kwalta, mai laushin ya ishe shi. Mai dako da ke bin hanyoyin karkara da lodi ya fi buƙatar mai garin ƙarfe. Dalilin lissafi ne: birki yana mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi, kuma zafin yana bin nauyi kai tsaye, yana bin gudu ninki biyu-biyu. Idan nauyi ya ninka, zafin ya ninka. Idan gudu ya ninka, zafin ya zama ninki huɗu. Adaidaita babu kaya ba ta wuce kilo 400 ba, babban buhun albasa kuma kan haura kilo 100, ke nan buhu huɗu sun isa su ninka aikin birkin. Tambur kuma rufaffe ne, ba ya fitar da zafi da sauri kamar faifai.

Akwai imanin da ya yaɗu cewa takalmin da ya fi tauri shi ya fi kyau tunda ya fi daɗewa. Ba haka abin yake ba. Wanda ya ƙi cinyewa kwanon yake ci, kwano kuwa ya fi takalmi tsada nesa ba kusa ba.

Sai batun asbestos, wanda Faransawa ke kira amiante. An daɗe ana sa wannan ma'adini mai zare-zare a takalmin birki saboda jure zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa shaƙar ƙurarsa na jawo kansar huhu da wasu cututtukan ƙirji da kan bayyana bayan shekaru da yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2005, amma har yanzu ana amfani da shi a wasu ƙasashen Asiya, kuma ba a gane shi da ido. Don haka kwalin da aka rubuta cewa babu asbestos ya fi wanda bai ce komai ba. Wanda abin ya fi shafa shi ne yaron gareji da ke hura ƙurar tambur da baki ko da iskar famfo. Da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta.

Rubutun jikin kaya da jabu

A gefen wasu takalma ana buga haruffa biyu, kamar EE, FF ko GG. Wannan awo ne na Amurka da ke nuna ƙarfin kamu: harafin farko lokacin da takalmin bai yi zafi sosai ba, na biyu lokacin da ya yi zafi. E na nufin 0,25 zuwa 0,35, F daga 0,35 zuwa 0,45, G daga 0,45 zuwa 0,55. Idan harafi na biyu ya gaza na farko, kamun yana raguwa da zafi. Alamar 90R kuwa, da ke biyo bayan harafin E cikin da'ira, tana nuna an gwada kayan bisa ƙa'idar ECE R90, wadda ta shar'anta kada aikin kayan canji ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100. Kayan adaidaita da yawa ba su ɗauke da ko ɗaya cikin waɗannan alamu, kuma kwali abu ne mai sauƙin kwaikwayo, saboda haka kayan da kansa ake dubawa.

Mafi haɗari a jabun takalmi shi ne mannin. Abin gugar manne yake da ƙarfen takalmin, a wasu kuma da ƙusoshi aka kafe shi. Idan mannin ba shi da kyau, zafi ko ruwan damina kan ɓamɓare shi, ya karkace cikin kwano ya kulle tayar nan take. A keke mai ƙafa uku, tayar baya ɗaya ta kulle cikin gudu na iya kifar da shi. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a duba ko akwai ɗan rata tsakanin abin gugar da ƙarfen, ko kaurinsa daidai yake daga baki zuwa baki, ko yana marmashewa idan aka karce gefensa da farce ko makulli.

Lokacin canzawa

Ba a auna rayuwar takalmi da watanni, domin rairayin da ke shiga kwano a lokacin hunturu da lakar fadamar Maggia a damina suna cinye shi fiye da kwalta. Kauri ake dubawa: idan abin gugar ya sauko kusan milimita 2, lokaci ya yi. Ƙarar ƙarfe da ƙarfe, feda da ke nitsewa ƙasa sosai, ko keke da ke ja gefe ɗaya idan an taka, duk alamu ne na a buɗe a duba.

Ƙafafun baya biyu tare ake canza musu, da kaya iri ɗaya daga kwali ɗaya. Sabo a dama da tsoho a hagu yana sa keken ya karkata a daidai lokacin da ake son ya tsaya. Takalmin da man birki ko girisi ya jiƙa ba ya gyaruwa da wankin fetur ko ƙonawa a wuta. Canza shi ake yi, a kuma gyara wurin da man ke yoyo, in ba haka ba sabon ma zai jiƙe. Idan cikin kwanon ya yi kwari-kwari ko ya faɗaɗa fiye da kima, sabon takalmi ba zai zauna daidai ba.

Ga masu birkin mai, nau'in da ya dace a rubuce yake a murfin ɗan tankin, galibi DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma dukansu suna shan danshin iska, kuma idan suka sha, tafasarsu kan sauko zuwa 140 da 155. Shi ya sa ake son canza man kusan duk shekara biyu, daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. DOT 5 ba ya haɗuwa da su, man inji kuma yana kumbura robobin birki ya lalata su.

Sabon takalmi ba ya kamawa sosai a ranar farko, sai fuskarsa ta goge ta zauna da ta kwanon. Masu gyara kan ba da shawarar a zaga da keken babu lodi, a yi ta taka birki a hankali sau da dama daga matsakaicin gudu, ana barinsa ya huce tsakani, sannan a koma gareji a sake daidaita shi kafin a ɗauki fasinja ko kaya zuwa kasuwa.