Araha Ta Yi Ado: Tarihin Gilashin Ɗaukar Hoton Fuska

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Amma wanda ya bi diddigin tarihin gilashin da ke bakin kyamara, watau idon da haske ke ratsawa kafin ya zana kamannin mutum, zai tarar da cewa a wannan fage araha ce ta yi wa talaka ado. Kafin ƙarni na 19, sai sarki ko attajiri ne ke iya biyan mai zane ya ajiye wa jikokinsa kamanninsa. Abin da ya kawar da wannan bambanci shi ne saukin farashin gilashi, kuma sau da yawa saukin nan bai samu ba sai bayan ƙirar ta kuɓuce daga hannun mai ita.

A shekarar 1839 ne aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Faris. Gilashin farko da Charles Chevalier ya ƙera ba ya shigar da haske sai kaɗan, saboda haka sai an bar kyamara a buɗe na mintoci masu yawa cikin rana tsaka. Gini da dutse suna iya jure wa wannan, amma ɗan Adam ba ya iyawa, don kuwa ido zai ƙifta, wuya ya gaji, hoton kuma ya fito dishi-dishi.

Wanda ya warware matsalar shi ne Joseph Petzval, shehun malamin lissafi a Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya. Magabatansa da gwaji suke aiki, su goge gilashi su duba, in bai yi ba su sake. Shi kuwa da alƙalami ya fara, har aka ba shi aron waɗansu sojojin igwa da suka gwanance da lissafi don su taya shi. A 1840 ya fito da ƙirar da ke shigar da haske fiye da ninki 15 na gilashin Chevalier, sai zaman mintoci ya koma kamar na minti guda ko ƙasa da haka. Daga nan ne ɗaukar hoton mutum ya zama sana'a.

Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Petzval ya miƙa ƙirar ga kamfanin Voigtländer, daga baya suka ɓata, ga shi kuwa haƙƙinsa ba shi da kariya a wajen Ostiriya. A 1849 kamfanin ya buɗe masana'anta a Braunschweig ta ƙasar Jamus, ya ci gaba da ƙera dubbai, maƙeran Faransa da Ingila da Amurka su ma suka kwaikwaya ba tare da biyan ko anini ba. Petzval ya rasu a 1891 bai ci moriyar kirki ba. Amma yawan masu kwaikwayon nan ne ya karya farashi. A 1854 André Disdéri ya yi rajistar wata dabara a Faris ta ɗaukar ƙananan hotuna da yawa a faranti ɗaya, har ya zama akawu da ɗan kasuwa suna iya raba wa dangi hotunansu kamar yadda sarauniya ke yi.

A shekarar da Petzval ya rasu ne kuma Thomas Dallmeyer a Landan, da Adolf Miethe a Jamus, kowa a nasa gefen, suka fito da gilashi mai jawo nesa kusa. Sirrinsa shi ne haɗa gilasai iri biyu, na gaba mai tattara haske, na baya mai ɗan warwatsa shi, ta yadda gajeren bututu zai yi aikin dogo. Da fari don duwatsu da gine-gine masu nisa aka yi shi. Amfaninsa ga hoton fuska bai fito fili ba sai bayan 1925, lokacin da kyamarar Leica ta shigo da ƙaramin fim mai faɗin milimita 35.

Dalilin kuwa a sarari yake. Gilashin yau da kullum na irin wannan kyamara, mai tsawon milimita 50, ba ya cika hoto da fuska sai an matso ƙwarai. In an matso, hanci ya fi kunne kusa da kyamara nesa ba kusa ba, sai hancin ya kumbura, kunnuwa su tsuke. Laifin na tazara ne, ba na gilashi ba. Gilashi mai tsawon milimita 85 zuwa 135 yakan ba mai hoto damar ja da baya kamar mita 2 ko 3, fuska ta cika hoton bisa kamanninta na ainihi, abin da ke bayanta kuma ya narke ya bar ta ita kaɗai.

Gwarzon wannan zamani shi ne Ludwig Bertele na kamfanin Zeiss, wanda ya tsara gilashin Sonnar da ya fito kasuwa a farkon shekarun 1930. Kyawunsa ba a magana, tsadarsa kuwa ta sa sai mai hali. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sake kuɓutar da ƙira daga hannun mai ita. Bayan 1945 ƙasashen da suka ci nasara sun ƙwace haƙƙin ƙere-ƙeren Jamus, Tarayyar Sobiyet ta kwashe injuna da ma'aikata daga garuruwan Jena da Dresden, ta shiga ƙera Jupiter-9, wanda Sonnar ne mai milimita 85 da sabon suna da ɗan ƙaramin farashi. Japanawa ma suka ɗora nasu aikin a kan wannan ƙira. A 1950 David Douglas Duncan, mai hoto na mujallar Life, ya ga wani hoto nasa da aka ɗauka da gilashin Nikkor mai milimita 85 a Tokiyo, ya yi mamakin kaifinsa, ya ɗauki gilasan kamfanin zuwa yaƙin Koriya. Hotunan da ya aiko ne suka sa Amurkawa suka daina raina kayan Japan.

Daga nan sai waɗansu kamfanoni irin su Tamron da Sigma da Tokina suka duƙufa kan ƙera gilasan da za su shiga kyamarar wani. Kafin ƙarshen shekarun 1970, gilashi mai milimita 135 ya zama abin da ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ke iya tara kuɗi ya saya. A 2016 kuma wayar iPhone 7 Plus ta zo da ido na biyu mai ɗan jawo nesa, tana kwaikwayon narkewar bayan hoto da lissafin kwamfuta.

Darasin da ke cikin wannan tarihi bai tsaya ga masu hoto ba. Doka tana kare haƙƙin mai ƙirƙira don kada guminsa ya tafi a banza, kuma abin da ya sami Petzval zalunci ne ko ta ina aka duba. Amma da ƙirarsa ta zauna a kulle a hannun kamfani guda, da miliyoyin iyalai ba su san fuskar kakanninsu ba. Aikin mai tsara doka, da ma'aikacin da ke zartar da ita, shi ne ya nemi ma'aunin da zai biya mai ilmi ladansa, ba tare da ya hana talaka cin amfanin ilmin ba.