Me ya sa kwamfuta ke kashe kanta ta sake tashi?

Ɗaya daga cikin matsalolin da suka fi damun masu amfani da manhajar Windows ita ce a ga kwamfuta ta ɗauke kwatsam ana tsakiyar aiki, ta sake kunna kanta ba tare da wani bayani ba. Duk rubutun da ba a adana ba ya salwanta ke nan.

Sau da yawa akan shawarci mai kwamfutar ya hana ta sake tashi da kanta, amma sai ya tarar ko dai sauyin da ya yi bai zauna ba, ko kuma ya zauna amma ba ta daina ba. Ga bayani kan yadda lamarin yake.

Me ke faruwa idan Windows ta tsaya?

A duk lokacin da Windows ta gamu da kuskuren da ci gaba da aiki a kansa zai iya lalata bayanan da ke cikin kwamfuta, takan dakatar da komai nan take, ta nuna wani shuɗin allo mai ɗauke da suna da lambar kuskuren.

An tsara hakan ne da gangan domin kariya. A 2025 kamfanin Microsoft ya mayar da launin allon baƙi a sabon zubin Windows 11, amma ma'anarsa ba ta sauya ba.

A Windows XP, wadda ta fito a 2001, da waɗanda suka biyo bayanta, an saita kwamfuta ta sake kunna kanta da zarar hakan ta faru. Shi ya sa allon kan gifta kamar walƙiya, ba a kai ga karanta shi ba.

Yaya ake hana ta sake tashi?

Ana buɗe System Properties, a shiga shafin Advanced, a danna Settings a ƙarƙashin Startup and Recovery, sannan a cire alamar da ke cikin akwatin Automatically restart, a danna OK a tagogin biyu.

Idan kuwa kwamfutar ba ta kaiwa ga buɗewa, akwai wata hanyar. Daga sabuntawar Service Pack 2 ta Windows XP a 2004 zuwa Windows 7, danna maɓallin F8 a lokacin tashi kan fito da jerin zaɓi, ciki har da na hana sake tashi. Daga Windows 8 zuwa sama, zaɓin shi ne na 9 a shafin Startup Settings.

Sai dai cire wannan alama ba magani ba ne. Amfaninsa kawai shi ne allon ya tsaya har a rubuta lambar kuskuren, domin da ita ake gane cutar.

Me ya sa sauyin ba ya zama?

Windows na adana wannan zaɓi ne a kundin da ake kira Registry, a wani gurbi mai suna AutoReboot da ke sashen CrashControl. Idan lambarsa 1 ce kwamfuta za ta sake tashi, idan 0 ce za ta tsaya. Duk abin da ya hana rubutu a gurbin, ko ya mayar da tsohon rubutu, shi ne ke warware sauyin.

Na farko shi ne rashin izini. Wanda ya shiga kwamfuta ba a matsayin Administrator ba, wato mai cikakken iko, ba shi da damar taɓa wannan sashe.

Na biyu, a ma'aikatu da bankuna masu kula da na'urori kan aika wa dukkan kwamfutoci ƙa'ida guda daga cibiya, wadda kan iya share sauyin da ma'aikaci ya yi. A nan sai an tuntuɓi masu kula da su.

Na uku, gidajen intanet da ɗakunan kwamfuta na makarantu kan sanya manhajoji irin su Deep Freeze, waɗanda ke mayar da kwamfuta yadda take a da duk lokacin da aka sake kunna ta.

Na huɗu, amfani da System Restore, ko zaɓin Last Known Good Configuration na tsofaffin Windows, kan dawo da tsohon kundi tare da tsohon zaɓi.

Haka kuma faifan ajiyar da ya fara lalacewa, ko mugunyar manhaja da ta kutsa cikin kwamfuta, na iya hana sauyi zama.

Hanyar tabbatarwa ita ce a buɗe Regedit a dubi lambar AutoReboot bayan an sake kunna kwamfutar. Amma taɓa wannan kundi na buƙatar taka-tsantsan, don kuskure a cikinsa na iya hana kwamfuta tashi baki ɗaya.

Idan sauyin ya zauna amma ba ta daina ba fa?

Wannan ma amsa ce. Akwatin yana aiki ne kawai idan Windows ce da kanta ta gano kuskure. Idan lambar 0 ce amma kwamfuta na ci gaba da ɗaukewa babu shuɗin allo, to zargi ya koma kan wuta, ko zafi, ko wani sashe na jikin na'urar.

A wuraren da lantarki ke yawan rawa ko ake dogaro da janareta, raguwar ƙarfin wuta ta ɗan lokaci kan isa ta kashe kwamfutar tebur, musamman idan babu UPS ko batirinsa ya mutu. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, zafin bazara kuma ya sa na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Akwai kuma sake tashin da ba na kuskure ba, kamar wanda sabunta Windows ke jawowa. A watan Agustan 2003 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Blaster ta riƙa sa kwamfutoci masu Windows XP su ba da gargaɗin daƙiƙa 60 sannan su sake tashi, kuma wancan akwati ba ya hana hakan.

Ina ake samun shaida?

Ko da allon ya gifta, Windows kan bar sawu. A manhajar Event Viewer, rahoto mai lamba 1001 da sunan BugCheck na ɗauke da lambar kuskuren. Mai lamba 41 kuwa, wanda ake gani daga Windows 7 zuwa sama, na nuna cewa kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, amma ba ya faɗin dalili.

Idan an saita ta, Windows kan kuma ajiye ƙaramin fayil a jakar Minidump, wanda masu gyara ke karantawa da manhajar WinDbg don gano inda matsalar ta taso.

Sunan kuskuren ma na ba da haske. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE na nufin Windows ta kasa kaiwa ga faifan da take tashi daga gare shi, yayin da MEMORY_MANAGEMENT kan sa a binciki ma'adanar wucin gadi, wato RAM.

Wane ne ya fi laifi?

A cewar Microsoft, kashi 70 cikin ɗari na irin waɗannan kurakurai na fitowa ne daga ƙananan manhajojin wasu kamfanoni da ake kira direba, waɗanda ke haɗa Windows da na'urori kamar firinta da katin hoto. Kashi 10 daga jikin na'ura suke, kashi 5 daga manhajar kamfanin kansa, sauran kashi 15 kuma ba a gano musabbabinsu ba.

Ranar 19 ga watan Yulin 2024 duniya ta ga girman lamarin, lokacin da wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike da ke Amurka ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, kamar yadda Microsoft ya ƙiyasta. An soke dubban tashin jiragen sama, ayyukan asibitoci da bankuna kuma suka tsaya, yayin da kwamfutocin ke ta tashi suna faɗuwa. Da dama sai da aka shiga Safe Mode aka goge fayil guda da hannu.

Me ya kamata a fara yi?

Kafin komai a kwashe muhimman takardu zuwa wani wurin ajiya, domin kwamfutar da ke faɗuwa na iya ƙin tashi wata rana.

Daga nan a tuna abin da aka sanya mata na ƙarshe, manhaja ko na'ura, a cire shi a gani. A gwada ta a Safe Mode: idan ta zauna lafiya a can, mai yiwuwa direba ne ko wata manhaja. A binciki RAM da Windows Memory Diagnostic, a kakkaɓe ƙura, a kuma gwada ta da wata wutar.

Idan duk wannan bai yi ba sai a kai wa mai gyara, tare da lambar kuskuren a rubuce. Goge komai a sake ɗora Windows shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba ya gyara RAM da ta lalace ko fankar da ta tsaya.