FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa kwamfuta ke birkicewa bayan sabunta babbar manhaja, da yadda ake gano bakin zaren

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a hukumance. Kwamfutar da ke kanta ba za ta daina aiki ba, amma ba za ta ƙara samun gyaran tsaro kyauta ba, sai fa wadda aka yi wa rajistar ƙarin wa'adin da kamfanin ya ware wa ɗaiɗaikun masu amfani zuwa 13 ga Oktoba, 2026.

Wannan mataki ya shafi mai shagon buga takardu a Gwarzo, da ɗalibin Jami'ar Bayero da ke koyon rubuta manhaja, da matashin Dugabau a Ƙaramar Hukumar Kabo wanda ya tara kuɗi ya sayi kwamfutar hannu ta kwance a Kano. Irin waɗannan kwamfutoci galibi tsofaffi ne, kuma a kansu ne sabuntawa ta fi haifar da matsala. Ga bayanin abin da ke faruwa da matakan warware shi.

Me ke canjawa idan an sabunta?

Babbar manhaja, wato Windows ko Ubuntu ko macOS, ita ce harsashin da sauran manhajoji ke zaune a kai. Idan aka sauya ta, abubuwa uku kan motsa tare. Akwai direbobi, ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da sassan na'ura kamar allo da firinta. Akwai laburare, tarin umarnin da manhajoji da yawa ke aro daga wuri ɗaya. Sai kuma kwamfaila, tafintan da ke juya abin da mai rubuta manhaja ya rubuta da yarukan C ko C++ zuwa harshen da na'ura ke ganewa. Manhajar da aka gina bisa tsohon harsashi tana iya laluben wani abu a inda ta saba samunsa, ta tarar an ɗauke shi ko an sauya masa fasali.

Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: RAM na aƙalla gigabait 4, wurin ajiya na gigabait 64, da guntun tsaro na TPM 2.0. A ɓangaren Intel, yawancin firosesan da ta amince da su daga zubi na 8 ne zuwa sama. Masu gyara na iya tsallake waɗannan sharuɗɗa su ɗora ta da ƙarfi, sai dai Microsoft ya bayyana cewa ba ya ba irin wannan kwamfuta tabbacin samun sabuntawa.

Idan kwamfaila ta ƙi aiki

Ƙa'ida ta farko ita ce a karanta saƙon kuskure na farko, ba na ƙarshe ba. Kuskure ɗaya kan haifi ɗari, kuma na saman shi ne uwarsu.

Idan Windows ta ce ba ta san umarnin gcc ba, mafi yawa kwamfailar tana nan, adireshinta ne ya ɓace daga jerin da ake kira PATH. Mayar da shi kawai ake yi. Idan manhaja ta ƙi buɗewa tana cigiyar VCRUNTIME140.dll, a sauko da Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft. Kada a ɗauko fayil ɗin shi kaɗai daga shafukan da ba a sani ba, domin nan ne masu kutse ke ɗana tarko.

A kwamfutocin Apple, saƙon “invalid active developer path” ya zama ruwan dare bayan sabunta macOS, kuma umarnin xcode-select --install ne maganinsa.

A Linux, sau da yawa sabuwar kwamfaila ce ta fi tsohuwa tsanani. GCC 14, wadda ta fito a 2024, ta mayar da wasu abubuwan da a da gargaɗi kawai take yi a kansu zuwa cikakken kuskure, misali kiran wani aiki a yaren C ba tare da an gabatar da shi ba. Aibin dama yana cikin rubutun, a da ana kawar da kai ne. Gyara rubutun ya fi komawa tsohuwar kwamfaila. Kafin komai, a share ragowar tsohon gini da make clean a sake ginawa daga tushe, domin haɗa tsohon fayil da sabon laburare kan haifar da kurakurai masu wuyar ganewa. Masu amfani da Python su ma su sake ƙirƙirar keɓaɓɓen muhallin aikinsu, tunda tsohon yana ɗaure ne da tsohon zubin yaren.

Matsalar memori kala uku ce

Ta farko ƙaranci. Sabuwar babbar manhaja takan ci RAM fiye da tsohuwa, sai abin da ya rage ya gaza ɗaukar aiki. A Linux alamarta ita ce kalmar “Killed” a tsakiyar gini: tsarin ne ya kashe aikin don ya ceci kansa. A rufe burauza, a rage yawan ayyukan da ake ginawa lokaci guda, a faɗaɗa wurin aro a faifan ajiya, ko a ƙara RAM.

Ta biyu shiga gonar wani. Kowace manhaja tana da yankin da aka yanka mata a memori. Idan ta miƙa hannu waje, tsarin yakan tsayar da ita, a Linux da saƙon “Segmentation fault”. Idan direba ne ya yi haka, kwamfutar gaba ɗaya ke faɗuwa, Windows ta nuna allon kuskure mai ɗauke da saƙo irin IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. A nan sai a kunna ta a Safe Mode, a sabunta direban daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar ko a mayar da tsohon.

Ta uku lalacewar RAM ɗin kansa. Alamarta ita ce kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya: yau nan, gobe can. Windows tana da ma'aunin gwaji da ake kira da umarnin mdsched, akwai kuma MemTest86 da ake kunnawa daga filashi. Idan gwaji ya nuna aibu, sai a ciro sandar RAM, a share ƙura, a mayar, a sake gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa raga wa na'ura. Haka ma ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa kan bar fayilolin tsarin a gurgunce, kuma umarnin sfc /scannow na iya gyara su.

Wanda duk ya rasa mafita yana da ƙofar komawa: Windows takan ba da kwanaki 10 bayan sabuntawa a koma tsohon zubi. Bayan haka takan share tsofaffin fayilolin.

Me ya sa wannan ya shafi al'umma?

Domin irin wannan kuskure ba ya tsayawa a shago. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa daga kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike da ke Amurka ta durƙusar da na'urori masu Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage sun kasa tashi, ayyukan bankuna da asibitoci sun tsaya. Binciken kamfanin ya nuna manhajar ta nemi karanta bayani na 21 alhali 20 aka ba ta, wato dai shiga gonar wani a memori.

A gida Najeriya, ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa a bainar jama'a cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Hukumar ta danganta lamarin da wani gyaran manhaja da ba a ɗora shi daidai a wasu na'urorin da ke rarraba jarrabawar ba. Sai da aka sake wa ɗaliban jarrabawa. Abin lura shi ne, koke-koken ɗalibai da iyaye ne suka tilasta binciken.

Tambayoyin da ya dace a riƙa yi

Jarrabawa, rajistar katin ɗan ƙasa, biyan albashi da tura sakamakon zaɓe duk sun koma kan na'ura. Don haka duk lokacin da wata hukuma ta fake da “matsalar na'ura”, 'yan ƙasa na da haƙƙin tambaya: an gwada sabuntawar a kan na'urori kaɗan kafin a baza ta? An adana kwafin bayanai? Akwai hanyar komawa baya? Wane ɗan kwangila ne ya yi aikin, kuma wa ya sa hannu ya karɓa? Na'ura tana ajiye tarihin abin da ya faru da ita, da rana da sa'a, saboda haka amsoshin suna nan idan ana son bayar da su.

Shi ma mai kwamfuta ɗaya tak ƙa'idar ba ta canja ba. Ya kwashe muhimman fayilolinsa zuwa filashi, ya tabbatar batiri ya cika, ya duba ko na'urarsa ta cika sharuɗɗa, kuma kada ya taɓa sabuntawa a jajibirin ranar da zai miƙa aiki. Rigakafi ya fi magani.