Hutun Makiyaya a Sabon Garin Kano

Al'adar ware wa ma'aikacin coci lokacin hutu da sabunta ruhu ta shigo Kano tare da 'yan mishan, amma ta daɗe kafin ta isa ga fastocin gida. Turawan mulki sun yanka Sabon Gari wajajen 1913, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, domin baƙi 'yan Kudu masu aikin jirgin ƙasa da na kamfanoni. Unguwar na maƙwabtaka da Fagge, tsohon zangon fatake da Buzaye. A Sabon Garin aka yarda a gina majami'u, tun da ba a ba da wannan dama a cikin ganuwa ba.

Mishan ɗin SIM ta san tsadar aiki ba hutu tun farkonta, domin biyu daga cikin mutum uku da suka kafa ta a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a shekarar da ta biyo baya. Shi ya sa a 1914 ta buɗe gidan hutu a Miango kusa da Jos, inda iska ke da sanyi. Ma'aikatanta na Asibitin Ido na Kano, wanda aka buɗe a 1943, da masu jinyar kutare a Yadakunya, sukan hau can su huta, sannan bayan 'yan shekaru su tafi dogon hutu ƙasashensu. Tsari ne mai kyau, sai dai Turawa aka yi wa shi. Mai bishara ɗan ƙasa, wanda shi ke zama da majinyaci har tsakar dare, ba a rubuta masa irinsa ba.

Zumunta ce ta riƙe waɗannan ma'aikata. Zumuntar Mata, musamman a majami'un da ake sujada da Hausa, ta ɗauki nauyin da babu wanda ya ɗora mata. Idan an dawo daga jana'iza, matan kan biya gidan fasto sanye da ankonsu, da kwanon tuwo da kunu, su zauna a tsakar gida suna buga bakin tulu suna waƙa. Ba sa tambayarsa abin da ke damunsa. Sukan dai tabbatar ya ci abinci, matarsa kuma ta samu masu taya ta karɓar baƙi.

Nauyin kuwa ba ƙarami ba ne. Rikicin Mayun 1953 da kashe-kashen 1966, waɗanda suka kusa mayar da majami'u da dama kango bayan Ibo sun koma gida, da tarzomar Fagge ta Oktoban 1982, da ta 1991 kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, da ta Mayun 2004, duk sun faɗo kan fasto. Shi ne mai bin asibitoci da ɗakunan ajiye gawa yana neman 'yan ikilisiyarsa, shi ne mai kai abinci ga waɗanda suka fake a bariki, ran Lahadi kuma ya hau bagadi ya yi wa'azin gafara alhali nasa iyalin ma a firgice suke. Abin da ya fi cutarwa shi ne tunanin cewa makiyayin da ya ce ya gaji bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Wannan tunani ya sa da yawa suka haɗiye ciwonsu har ya fito ta rashin barci da saurin fushi a gida.

Cocin Katolika yana da tsohuwar doka da ta wajabta wa firist keɓewa lokaci-lokaci domin addu'a da shiru. ECWA, wadda ta fito daga SIM ta kuma tsaya da ƙafafunta a 1954, da Angilika da Baftis sun fi dogara da taron bita na fastoci da matansu da kuma makon azumi da addu'a. Gidan hutun Miango ma daga baya ya buɗe ƙofa ga ma'aikatan gida.

Hare-haren Boko Haram ne suka sauya maganar. Bayan hare-haren Kano na 20 ga Janairun 2012, da bam ɗin tashar mota ta New Road a Maris 2013, da na cocin St. Charles a Yulin 2014, ɓoye raunin zuciya ya gagara. Majami'un Arewa suka fara karɓar darussan warkar da raunin zuciya, irin na littafin Healing the Wounds of Trauma da ya fito a 2004, wanda ya ware babi guda kan kula da mai kula da wasu. Ana zama rukuni ƙanana, kowa ya faɗi abin da ya gani, a rubuta makoki irin na Zabura, a tuna yadda aka fara ba annabi Iliya abinci da barci kafin a sake aikensa. Ana kuma koya wa fasto ya raba aiki da dattawan ikilisiya, ya gane lokacin da ya kamata a kai mutum, ko shi kansa, wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Manyan majami'u ne suka fi cin moriyar wannan. Faston ƙaramin coci a Sabon Gari, wanda abincinsa ya dogara da baikon Lahadi kuma ba shi da mataimaki, har yanzu da wuya ya rufe ƙofa ya tafi hutun mako guda.