Yadda intanet ta koyi raba lodi

A 1993 wata cibiya ta jami'ar Illinois a Amurka, mai suna NCSA, ta fitar da Mosaic, manhajar da ta sauƙaƙa wa jama'a buɗe shafukan intanet. Farin jinin ya zame mata jidali. Masu ziyartar shafin cibiyar suka yi ta ƙaruwa, har kwamfutar da ke ɗauke da shi, wadda ake kira uwar garke, ta fara gazawa. A 1994 ma'aikatan cibiyar suka bayyana dabarar da suka yi: sun jera kwamfutoci da yawa ƙarƙashin suna ɗaya, duk baƙon da ya zo sai a tura shi wurin wadda layi ya zo kanta. Aikin ɗan kamasho ke nan a tasha, mai raba fasinjoji ga motoci bi da bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai dabarar tana da makanta. Idan ɗaya daga cikin kwamfutocin ta mutu, ba a daina tura mata mutane ba. Wannan ya sa kamfanin Cisco ya kawo LocalDirector a 1996, kamfanin F5 kuma ya kawo BIG-IP a 1997. Na'urori ne da ke tsayawa a bakin ƙofa, suna taɓa kowace uwar garke lokaci zuwa lokaci don su ji ko tana amsawa. Wadda ta yi shiru a tsallake ta, wadda lodinta ya yi sauƙi a ƙara mata.

Saura matsalar nisa. A jami'ar MIT, malamin lissafi Tom Leighton da ɗalibinsa Danny Lewin sun yi nazarin yadda za a baza kwafin shafi a garuruwa da yawa, kowa ya ɗiba daga na kusa da shi. Da wannan suka kafa kamfanin Akamai a 1998. Ran 11 ga Satumba 2001 jama'a suka yi wa shafukan labarai caa, har sai da CNN ta rage shafinta ya koma kusan rubutu zalla. Akamai na cikin waɗanda suka ɗauki lodin a ranar. Lewin kuwa yana cikin jirgin farko da ya afka wa dogon benen New York, ya rasu yana da shekara 31.

Bayan haka aikin ya yi araha. Wani Bafaranshe, Willy Tarreau, ya rubuta HAProxy, wani ɗan Rasha kuma, Igor Sysoev, ya saki Nginx a 2004. Duka biyun kyauta ake samun su, suna kuma yin abin da a da sai an sayi na'ura mai tsada.

Duk da haka, kayan aiki ba sa maye gurbin shiri. Ran 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov na inshorar lafiya, ya durƙushe tun ranar farko. Kowa sai ya buɗe asusu kafin ya ga komai, sai taron ya cushe a wannan ƙofa guda, kuma ba a gwada tsarin gaba ɗaya da wuri ba. Raba mutane a waje ba ya amfani idan a ciki layi ɗaya za su sake bi.

Malamai da iyaye, wannan tarihi ya shafe mu. Rajistar ɗalibai da duba sakamakon jarrabawa suna ta komawa cikin salula, kuma idan shafi ya ƙi buɗewa sai mu ce laifin rezo ne, mu haƙura. Wani lokaci rezon ne, wani lokaci kuwa uwar garke ce guda aka bari da dubban mutane. Uban da ya sayi kati da kuɗin cefane shi ke asara, yaron da ranar rufe rajista ta wuce shi kuma yana iya rasa shekara. Ranar da taron zai zo sananniya ce tun watanni kafin ta iso. Don haka ƙungiyoyin iyaye suna da hurumin tambayar masu kula da irin waɗannan shafuka: kwamfuta nawa ke ɗauke da lodin, me zai faru idan ɗaya ta mutu, kuma an gwada shafin da taro mai yawa kafin ranar?